Rajah Caruth: yaron da ya koyi tseren mota a kwamfuta, ya zo ya ci na gaske

Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka, musamman na garin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suke da yawa, sun saba ganin wani wasa a talabijin ranar Lahadi wanda mu nan gida ba mu san shi sosai ba. Motoci kusan 40, an yi musu fenti kala-kala, sun cushe wuri guda suna ta zagaye fili ɗaya, gudu kamar za su tashi sama. Sunan wasan NASCAR. Yau labarin wani matashi baƙar fata muka kawo muku, Rajah Caruth, wanda ya kutsa cikin wannan wasa ta ƙofar da ba a saba shiga ba. Har ya kai shekara 16 bai taɓa zama cikin motar tsere ba. Yana shekara 21 ya ci tseren da ya sa sunansa ya zama na uku a wani jerin da ya shafe shekara 60 da sunaye biyu kacal.

Kafin mu kai gare shi, bari mu fara da wasan kansa, don wanda bai san dokar kokowa ba, ba zai gane wanda ya yi kaye ba.

Mu a Nijar, in aka ce tseren mota, abin da ke zuwa ran dattawanmu shi ne Paris-Dakar, lokacin da motoci da babura ke ratsa Tenere su sauka Agadas. Wancan tseren hamada ne, mutum da taswirarsa da rairayi. NASCAR daban yake. Mafi yawan tserensa ana yin su ne a fili mai siffar ƙwai, an shimfiɗa masa kwalta, an karkata kwanoninsa kamar gefen ƙwarya don mota ta iya shan kwana ba ta rage gudu ba. Kullum hagu ake juyawa. Wanda ya fara cika adadin zagayen da aka yanka shi ne ya ci. Tsere mafi girma shi ne Daytona 500 da ake yi a watan Fabrairu a jihar Florida, mil 500, wato kilomita 800 da ƴan kai. Ku ɗauka daga Yamai an wuce Maradi an miƙa hanyar Damagaram, amma duk a cikin fili ɗaya, kuma motocin na taɓa kilomita 300 a awa, tsakanin wannan da waccan bai kai kamu ɗaya ba.

Asalin wasan ma abin dariya ne. A kudancin Amurka, tun zamanin da aka haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, da kuma bayan nan saboda gudun haraji, akwai masu dafa barasa a ɓoye cikin duwatsu. Yaran da ke kai ta birni cikin dare sai suka riƙa gyara injin motocinsu don su tsere wa ƴan sanda, amma daga waje motar tana nan kamar ta kowa. Wanda ya san ƴan ruwa-ruwa na bakin iyaka ya gane irin mutanen da muke nufi. Ranar hutu sai su haɗu a fili su gwada wa ya fi gudu. Wani makanike mai suna Bill France ya tara su ya kafa hukuma a garin Daytona Beach a 1948. Shi ya sa har yau motocin ke kama da motar gida, Chevrolet ko Ford ko Toyota.

Kama ce kawai fa. Motar tseren yanzu ba ta da ƙofa, ta taga direba ke shiga. Fitilun gaba hoto ne aka liƙa. Babu agogon da ke nuna gudu. Kujera ɗaya ce, an kewaye ta da kejin ƙarfe, kuma zafin ciki kan kai digiri 50, ga direba cikin riga mai hana wuta da hular kwano. Ba ya iya waiwaye, saboda haka akwai wani mutum a saman bene da ke yi masa magana ta rediyo a kunne: akwai mota a damanka, ta wuce, shiga yanzu. In taya ta cinye ko mai ya yi ƙasa, sai ya shigo bakin layin gyara, mutum 5 su yi tsalle su canza taya huɗu su zuba mai. A babban aji wannan aikin daƙiƙa 10 ne ko kusa da haka. Mai facin unguwarmu da ya ji wannan, cewa ya yi ƙarya ne.

Ajin wasan uku ne a matakin ƙasa. Na sama shi ne Cup. Na biyu shi ne wanda aka daɗe ana kira Xfinity, wanda daga 2026 ya koma O'Reilly Auto Parts, don sunan kamfanin da ya biya kuɗi ake saka wa. Na uku shi ne na motocin a-kori-kura, masu siffar irin Hilux ɗin nan tamu, wanda aka fara a 1995. A ƙasan waɗannan akwai ARCA, sannan ƙananan filayen garuruwa da ake tsere daren Asabar. Matashi yakan bi su ne hawa-hawa.

Wasan gado

To, wa ke hawa wannan tsani? Nan ne maganar take. Galibin direbobin NASCAR sun fara ne tun suna shekara 5 zuwa 8, a ƴan ƙananan motoci na yara, uba ne makanike, uwa ce mai riƙe agogo. Da yawansu gado suka yi. Dale Earnhardt ƙarami ɗan Dale Earnhardt ne. Chase Elliott ɗan Bill Elliott ne. Ryan Blaney ɗan Dave Blaney ne. Austin Dillon da Ty Gibbs jikokin masu ƙungiyoyin da suke tuƙa wa ne. Ba muna cewa ba su iya ba, sun iya ƙwarai. Amma ƙwallon ƙafa, yaro da tsumma da fili ya isa ya nuna kansa. Tseren mota kuwa sai da mota, da taya sabuwa kowane mako, da inji, da tirelar ɗaukar kaya, kuma ran da ka buga bango, gyaran daga aljihunka ne.

Ko a matakin ƙasa abin bai canza ba. A ƙananan ajin nan biyu, sau da yawa ba ƙungiya ke biyan direba ba, direba ne ke zuwa da kamfanin da zai ɗauki nauyin motar a liƙa sunansa a jikinta. Shekara guda a mota mai kyau, maganar miliyoyin dala ake. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma miliyan ɗaya tata ta haura sefa miliyan 500. Yaro ko ya fi kowa iya tuƙi, in ba shi da mai saka wannan kuɗi, a gida zai kalli tseren.

Rajah Caruth ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. An haife shi ranar 11 ga Yuni 2002 a birnin Atlanta, ya tashi a Washington, babban birnin ƙasar, cikin gidan ƴan boko masu asali daga tsibiran Karebiyan. Mahaifinsa malamin jami'a ne. Babu mai tsere a danginsu, babu filin tsere a unguwarsu. Abin da ya fara jan hankalinsa fim ɗin yara ne na zane mai suna Cars, wanda ya gani yana ɗan shekara 4. Daga nan ya zama irin yaran nan da suka haddace sunan kowane direba da lambar motarsa. Sai a 2014, yana shekara 12, aka kai shi filin Richmond a jihar Virginia ya ga tsere ido da ido. A wannan shekarun, sa'o'insa da za su zama abokan karawarsa sun riga sun yi shekara biyar ko shida suna tuƙi.

Ƙofar kwamfuta

A 2018 ya shiga wani abu da ake kira iRacing. Kada ku ɗauka irin wasan mota ne na cikin salula. Kamfanin, wanda ya buɗe wasan ga jama'a a 2008, yakan je filin tsere na gaske ya auna shi da na'urar haske, kowane tudu da kowane faci na kwalta, ya zuba shi cikin kwamfuta. Mutum zai sayi sitiyari da totur da birki ya haɗa da kwamfutarsa, ya biya kuɗin wata, ya shiga intanet ya kara da mutane na gaske daga ko'ina. Taya tana cinyewa kamar ta gaske, mai yana ƙarewa, in ka yi karo ana rage maka daraja. Manyan direbobi ma suna atisaye da shi. A 2020, lokacin da korona ta rufe filaye, a cikinsa suka riƙa tsere ana nunawa a talabijin.

Rajah ya duƙufa a kai, yana makarantar sakandare, ya shiga wata gasar matasa da NASCAR ta shirya a intanet ɗin don neman masu hazaƙa. Abin da kwamfuta ke koyarwa ba kaɗan ba ne: inda za ka ɗaga ƙafa, layin da ya fi sauri a kwana, yadda za ka laɓe a bayan wata mota ta keta maka iska sannan ka fito ka wuce ta, yadda za ka lallaɓa taya ta kai ka ƙarshe. Kuma in ka farfasa mota, maɓalli za ka danna a ba ka sabuwa. Wannan shi ne babban abin. Kuskure dubu da ɗan mai kuɗi zai yi da kuɗin ubansa, shi ya yi su kusan kyauta a ɗakinsa.

Abin da ba ta koyarwa kuma shi ne tsoro, da zafi, da nauyin da ke danne wuya a kwana, da jin yadda bayan mota ke zamewa tun kafin ido ya gani. Waɗannan sai an zauna a ciki.

Ba shi ne na farko da ya fito ta wannan hanya ba. William Byron, wanda ya ci Daytona 500 sau biyu a jere, 2024 da 2025, shi ma a iRacing ya fara. Amma Byron ɗan garin Charlotte ne, cibiyar wasan, kuma gidansu na da halin saya masa motar gaske da ya nuna ya iya. Rajah sai da ya nemi wanda zai ba shi aron mota.

Wanda ya ba shi shi ne wani shiri da NASCAR ta kafa a 2004 mai suna Drive for Diversity, don jawo mata da baƙar fata da sauran waɗanda ba a saba gani a wasan ba. Ƙungiyar Rev Racing ce ke riƙe da motocin shirin a lokacin. Ta nan Kyle Larson ya bi, wanda ya zama zakaran Cup a 2021 da 2025, da Daniel Suárez ɗan ƙasar Meziko, da Bubba Wallace. A 2019 suka ɗauki Rajah, suka saka shi a wata ƴar ƙaramar mota a gasar bazara ta filin Charlotte. Yana da shekara 17, yana karawa da yaran da suka girme shi a tuƙi nesa ba kusa ba ko da ya girme su a haihuwa. Farkon bai yi daɗi ba, ya sha karo ya sha baya. Shekara ta zagayo, a 2020, ya ci tserensa na farko a motar gaske a filin Greenville-Pickens, wani tsohon fili a Karolina ta Kudu. A 2022 ya yi cikakkiyar shekara a ARCA ya ƙare na uku a maki, abokinsa na ƙungiya ɗaya, Nick Sanchez, ya ɗauki kambun.

Duk wannan yana yi yana karatu. Ya shiga jami'ar Winston-Salem, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa tun zamanin wariya don baƙar fata, ya karanta harkar tafiyar da wasan tseren mota, ya kammala a Disamban 2024. Ƴan uwanmu na Greensboro sun san wurin, bai kai tafiyar awa guda daga gare su ba. Filin ƙwallon da jami'ar ke wasa a ciki, Bowman Gray, shi ne kuma filin tseren garin, kwalta ta kewaye ciyawa.

Sunaye biyu da suka riga shi

Ba za a gane nauyin abin da ya yi ba sai an san Wendell Scott. Baƙar fata ne daga garin Danville a Virginia, an haife shi a 1921, makanike, tsohon soja, direban tasi, kuma shi ma ya taɓa jigilar barasar nan ta dare. Ya shiga NASCAR a zamanin da baƙar fata ba ya cin abinci a gidan abinci ɗaya da farar fata a kudu. Shi ke gyara motarsa da kansa da tsofaffin kayan da wasu suka yar, ƴaƴansa ne masu canza masa taya.

Ranar 1 ga Disamba 1963, a Jacksonville ta jihar Florida, ya ci tsere a babban aji. Amma ba a ɗaga masa tuta ba. Aka ce Buck Baker, farar fata, shi ya ci, aka ba shi kofi, aka yi hotuna, jama'a suka watse. Sai bayan awoyi aka ce an sake lissafi, ashe Scott ne, har ma ya ba na biyu ratar zagaye biyu. Aka ba shi kuɗinsa, ba a ba shi kofi ba. Abin da aka daɗe ana faɗi shi ne masu filin ba su so a ga baƙar fata tsaye da sarauniyar kyau farar fata a wurin ba da kyauta. Wani mummunan haɗari a filin Talladega a 1973 ya kawo ƙarshen tserensa, ya rasu a 1990. A 2015 aka saka shi cikin gidan tarihin gwanayen NASCAR. Kofin kuwa sai a 2021 aka miƙa wa iyalansa madadinsa. Shekara 58 kusan. Allah sarki.

Bayan Scott sai da aka yi shekara 50 kafin wani baƙar fata ya sake cin tsere a matakin ƙasa, Bubba Wallace, a filin Martinsville a 2013, cikin a-kori-kura. Wallace ya hau har Cup, ya ci Talladega a 2021 cikin motar ƙungiyar da Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwando, ke da hannun jari a ciki. Shi ne kuma ya fito fili a 2020 ya nemi a hana ɗaga tutar tsoffin jihohin kudu, waɗanda suka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865 don bauta ta ɗore, a filayen tsere. NASCAR ta hana a watan Yuni na shekarar. Ya sha zagi a kan haka, har yau akwai filayen da ake yi masa ihu in an kira sunansa.

Kun ga gidan da Rajah ya shigo. Kuma da ya samu cikakkiyar shekararsa ta farko a ajin a-kori-kura a 2023, da ƙungiyar GMS Racing, sunan da ke jikin motarsa mai lamba 24 na gidauniyar Wendell Scott ne, wadda jikokin marigayin ke riƙe da ita.

Shekarar ba ta yi kyau ba. Gudu yana da shi, amma karo ya yi yawa, wani laifinsa wani na wasu, bai ci ko ɗaya ba. Ana cikin haka, a watan Agusta, GMS ta sanar za ta rufe a ƙarshen shekara. Ƙungiya ce da ta ɗauki kambun ajin sau biyu, 2016 da 2020, amma ta rufe. Yaro ya wayi gari ba mota, ba mai ɗaukar nauyi. A wannan gaɓar ce labarin matasa da yawa ke ƙarewa, ba wanda zai sake jin sunansu, kuma ba don ba su iya ba.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo, sauran direbobi duk sun san inda za su. Shi sai a watan Fabrairun 2024, saura kwanaki a fara, aka sanar ƙungiyar Spire Motorsports ta ba shi mota mai lamba 71. Wanda ya saka kuɗin shi ne Rick Hendrick, babban dillalin motoci kuma mai ƙungiyar da ta fi kowace cin kambu a Cup, da sunan shafinsa na sayar da motoci, HendrickCars.com. Da farko ma tsere 10 aka yi alkawari, daga baya aka mayar da shi shekara cikakkiya. Mu dai a ganinmu, in ana lissafin ranakun da suka yi Rajah Caruth, wannan ranar ta sa hannu tana gaba da ranar da ya fara kunna kwamfuta.

Tseren farko na shekarar, a Daytona, ya ƙare cikin na gaba-gaba, amma a zagayen ƙarshe motarsa ta taɓa wata, aka yi karo mai yawa har wata mota ta wuntsila a sama. Bayan an tashi, kamara ta nuno Bubba Wallace ya tare shi yana yi masa magana, irin ta wa da ƙane, fuska ba wasa. Ba wanda ya ji rauni mai tsanani, kuma wannan ba sa'a kawai ba ce. Tun da Dale Earnhardt babba ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu 2001, aka tilasta wa kowane direba saka wani abin da ke riƙe kai da wuya, aka sa wa bangayen filaye abin da ke shanye ƙarfin karo. Daga ranar zuwa yau ba a sake rasa direba a tseren manyan ajin uku ba. Wannan muna faɗa ne don samarinmu masu gwada gudu da babur ranar ɗaurin aure, kai ba hula, ƙafa da silifa. Waɗancan da kuke gani sun tashi daga mota suna ɗaga hannu, keji ne da ɗamara da likita a gefe suka tashe su.

Daren Las Vegas

Mako biyu bayan Daytona, ranar Juma'a 1 ga Maris 2024, aka je Las Vegas. Filin kilomita 2.4 ne, zagaye 134, jimla kilomita 323, wato Maradi zuwa Damagaram da ɗoriya mai kauri, cikin ƙasa da awa biyu. Da rana aka yi gwajin gudu ɗaya bayan ɗaya, Rajah ya fi kowa, karo na farko a rayuwarsa a wannan aji, ya samu tashi daga sahun gaba.

Tashi a gaba ba ci ba ne. Abin da ya raba gardama shi ne tsayawar ƙarshe. In an yi haɗari ana ɗaga tuta rawaya, kowa ya rage gudu, a shiga gyara tare cikin natsuwa. Amma a daren nan ƙarshen tseren ya tafi ba tsayawa, dole kowa ya zaɓi lokacin da zai shiga canza taya alhali sauran na kan gudu. Ka shiga da wuri, tayarka ta tsufa kafin ƙarshe. Ka makara, wanda ya riga ka ya yi ta cin ka da sabuwar taya. Ga kuma dokar layin gyara: akwai iyakar gudu, babu agogo a motar, da jin ƙarar inji da fitilar allo ake aunawa, in ka wuce ko da kaɗan ne a hukunta ka. Direbobin da suka fi shi daɗewa sun faɗa wannan ramin a daren. Shi ya shiga daidai, makanikansa suka yi aikinsu ba kuskure, ya fito, da kowa ya gama tsayawa sai ga lamba 71 a gaba. Ya riƙe har tuta, ya ba Tyler Ankrum da ke biye da shi ratar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba.

Tserensa na 30 ke nan a ajin. Scott a 1963, Wallace a 2013, Caruth a 2024. Wannan karon ba a jira jama'a su watse ba, a gaban kowa aka ba shi kofinsa, iyayensa na tsaye a wurin. A ƙarshen shekarar kuma ƴan kallo suka zaɓe shi direban da suka fi so a ajin.

A watan Mayun 2025 ya ƙara na biyu a Nashville, kuma wannan ya fi burge masu sanin wasan, don zagayen ƙarshe duk ya yi su ne da Corey Heim da Layne Riggs a bayansa suna neman hanya, bai ba su ba.

Amma kada mu zuga shi fiye da kima, don ba a gama ba. Ci biyu a cikin cikakkun shekaru uku ba mamaye wasa ba ne. Corey Heim ɗin nan, sa'ansa ne a haihuwa, tsere 12 ya ci a 2025 kaɗai ya ɗauki kambu. A aji na biyu, wani yaro Connor Zilisch, haihuwar 2006, wanda tun yana ƙarami aka kai shi Turai yana tseren ƙananan motoci, ya ci 10 a shekarar, ya wuce Cup kai tsaye. Waɗannan su ne ma'aunin, kuma shekarun nan goma da suka ba Rajah rata tun yarinta ba su ɓace ba, har yanzu biyan su yake.

A ƙarshen 2025 aka sanar zai hau aji na biyu a 2026, a ƙungiyar JR Motorsports ta Dale Earnhardt ƙarami, da kuɗin Hendrick ɗin dai. Motar da aka ba shi ita ce mai lamba 88, wadda Zilisch ya ci tsere 10 da ita ya sauka. Saboda haka ba zancen a ce mota ce ba ta gudu. Kuma ba duk tseren shekarar aka ba shi a cikinta ba, wasu makonnin manyan direbobin Hendrick na Cup ne za su karɓe ta, shi ya nemi wata motar ya cike sauran. Kujerun Cup na dindindin 36 ne kacal, masu jiran su sun fi haka yawa, kuma kowace shekara ana ƙara sabbin yara.

Ƴan uwa na Greensboro da kewaye, filin Martinsville inda Wallace ya ci nasa na farko yana arewa da ku kaɗan, tafiyar kamar awa guda, garin Danville na su Wendell Scott ma haka. Ajin da Rajah ya koma galibi ranar Asabar yake tsere. Wanda ya samu zuwa, ya turo muna da murya ta lambar gidan rediyo mu saka wa jama'a a shirin wasanni, kuma ya tafi da abin toshe kunne.